Tirelar Baba Ribas ta Cikin Kwali

Duk wanda ya zauna a layin nan ko da na wata guda ne ya san Baba Ribas. Dogo ne, ga faɗin kafaɗa, kuma in zai dube ka sai ya juyo da kansa gaba ɗaya a hankali, kamar fankar tebur. Sunan ya samo shi ne wata rana da ya shigo layin da tirela bisa kuskure, layin da ba ya ɓullewa ko'ina. Mutane suka fito suna jiran ganin katangar wa za ta fara tafiya. Shi kuwa ya leƙa madubin hagu, ya leƙa na dama, ya fitar da ita da baya tun daga bakin famfo har titi, ko igiyar shanya bai tsinka ba. Daga ranar sunansa na gaskiya ya bi ruwa. Yanzu in ka tambayi jikokinsa ma sai sun yi tunani kafin su tuno shi.

Shekara ashirin da takwas ya yi yana jan tirela. Da kuɗinta ya aurar da 'ya'yansa mata biyu, ya ɗora namijin a kan karatu har ya samu aiki can nesa, inda yake bugo waya sau ɗaya a wata ya tambayi lafiyar kowa da sauri. Sai ido ya zo masa da magana. Ba ciwo, ba ƙaiƙayi, kawai dai motoci suka fara ɓullo masa daga gefe kamar daga ƙasa suka tsiro. Likita ya ce hawan jinin ido ne. Ya kwatanta masa da bakin jaka da ake jan zarensa: ganin yana tsukewa daga gefe zuwa tsakiya, abin da ya tafi ba ya dawowa, maganin ɗigawa safe da yamma shi kaɗai ke rage wa zaren gudu. Kamfani ya karɓi mukulli. Don kada a ce sun yi butulci, suka ba shi aikin ɗaga ƙarfen bakin gareji. To ka ga mutumin da ya koya wa rabin direbobin wurin yadda ake riƙe sitiyari, yanzu shi ke ɗaga musu sanda suna wucewa suna danna masa hon.

Ɗaki biyu suke haya a saman bene, shi da matarsa, wadda 'yan layi ke kira Anti Mai Keke saboda ɗinkin da take yi a falo. A ƙasansu shagon aski ne na Sanƙo, tsaran Baba Ribas, mutumin da ya shekara talatin yana gyara sumar jama'a alhali nasa kan ko ƙuda ya sauka sai santsi ya kwashe shi. Kullum Baba Ribas ya dawo daga gareji sai Sanƙo ya leƙo ya tambaye shi yau lodin ina aka kai, sanda sama ko sanda ƙasa. Da farko yakan rama. Daga baya ya koma hawa bene kawai, ya zauna a baranda, abinci ma sai an yi da gaske.

Ranar da abin ya faro, Anti Mai Keke ce ta aike shi kasuwar kayan lantarki ya sayo mata ƙwan fitilar keke. Yana ratsa wani layi sai ya ji kukan inji, irin wanda ya sani, ana zaluntarsa a giya ta biyu. Ya juya. A cikin wani shago an kafa kujera, ga sitiyari, ga feda uku, ga sandar giya, ga allo a gaba, wani mai kayan ofis yana ta fama ya ajiye tirela a tsakanin layi biyu ya kasa. Baba Ribas ya tsaya a bayansa har ya gaji da haƙuri, ya ce masa ya yanke hagu tukuna, bodin zai biyo. Mutumin ya tashi cikin jin haushi ya ce to bismilla, tunda shi ne gwani.

Ya zauna. Abin da ya fara lura da shi shi ne komai na cikin allon nan ya shige cikin ɗan ganin da ya rage masa: titi a tsakiya, madubi a wannan kusurwa, madubi a waccan, babu wani gefe da mota za ta ɓuya masa. Ya taka kuloci, ya sa giya, ƙafarsa ta tuna abinta. Ya ajiye tirelar a bugu ɗaya, sannan ya fita da ita titi ya yi tafiyar kwata na awa, har mai shagon ya taɓa kafaɗarsa ya ce akwai masu jira. Ya dawo gida babu ƙwan fitila, ya cinye abincin rana tas, ya nemi ƙari.

Washegari ya koma ya tambayi kuɗin na'urar. Abin da aka faɗa masa ya fi albashinsa na shekara. Yana fitowa wani ya nuna masa shagon Injiniya, wani ɗan lungu a ƙarƙashin matakala, cike da matattun kwamfutoci har rufi. Injiniya mutum ne mai kimanin shekara arba'in, mai ƙaramar murya, tabarau ɗaure da waya. Ya saurare shi har ƙarshe bai yi dariya ba, wanda hakan kaɗai ya sa Baba Ribas ya yarda da shi. Ya ce in mutum ya sayi kayan ɗai-ɗai ya haɗa da kansa, rabin kuɗin ma ya isa. Ya yago bayan kwali ya rubuta masa abubuwan da ake bukata.

Baba Ribas ya karɓi kwalin ya kai shi dab da hanci, ya sa aka yi masa bayani ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana mayar da su yaren da ya iya. Madabod, faifan da komai ke hawa kansa, ya ce wannan shasi ke nan. Furosesa, mai yin lissafi, ya ce direba. Akwatin wuta, tankin mai. Da aka zo kan katin hoto, wanda ke zana titi da motoci a allo, ya buga cinya ya ce an zo wurin, wannan shi ne inji.

Shawara biyu Injiniya ya ba shi, ya kuma maimaita su har sau uku. Ta farko, wasan tirela ba shi da nauyi, matsakaicin kati ya ishe shi. Ta biyu, ya tara kuɗin wuri ɗaya, a sayi komai rana ɗaya a haɗa a gwada, domin masu sayar da kayan hannu kwana bakwai kawai suke ba mutum ya dawo da abu. Baba Ribas ya gyaɗa kai irin na wanda ya riga ya gama shawararsa. Shi a saninsa kuɗi ba sa kwana a aljihun direba, in ka ga kayan gyara ka saya ka ajiye, ranar amfaninsa na zuwa. Batun ƙaramin inji kuwa, bai taɓa ganin inda injin ƙaramar mota ya ja tirela ba.

A gida Anti Mai Keke ta ji bayani tana cizon zare. Ta ce ita dai a iya saninta wannan abin wasan yara ne, kuma ba ta taɓa jin an ce ga tsoho mai jikoki shida yana tara kuɗin sayen wasa ba. Amma ta ga yadda ya ci abinci jiya. Ta ce haya da cefane da maganin ido su ne gaba, abin da ya saura nasa ne, ko wuta zai cinna masa.

"Maigida, maganin nan dai," ta ce. "Shi ne ban yafe ba."

Ya ce haba, sai ka ce yaro.

Watan farko ya sayo sitiyari da fedoji, na hannu, ya ɗaure a gefen teburin da take yankan yadi. Labari ya sauka ƙasa kafin ya gama ɗaure shi. Sanƙo ya hawo da almakashi a hannu, ya zagaya teburin, ya tambaya ko a nan ake yankar tikiti, kuma ƙarfe nawa motar ke tashi, don yana da saƙo. Mai shagon kayan masarufi na layin ya ce a ajiye masa kujerar gaba. Baba Ribas ya ci gaba da ɗaurinsa. Da suka watse ya zauna ya riƙe sitiyarin, yana kallon bangon da ke gabansa, inda kalandar bara ke rataye.

Wata na biyu gidan kwamfutar ya saya, wato akwatin ƙarfen da za a zuba komai ciki. Ya bi shaguna yana ƙwanƙwasa su da ɗan yatsa kamar mai zaɓen bodi, ya ɗauki wanda ya fi kauri, ya hau da shi bene yana haki. Wata na uku madabod. Duk abin da ya sayo sai ya buɗe ya duba, ya shinshina, ya mayar cikin kwalinsa, ya jera a saman kabad ɗin ɗaki. Anti Mai Keke ta ce ko lokacin da take amarya ba a jera mata kaya da tsari haka ba.

A kan furosesa suka fara saɓawa da Injiniya. Iri biyu ne a gabansu, kamarsu ɗaya. Guda yana da ɗan abin nuna hoto a cikinsa, wanda ko katin hoto ya mutu allo zai kawo, ɗayan babu, kuma ya ɗan fi sauƙi. Injiniya ya ce ya ɗauki na farko, bambancin ba yawa, tafiya ce babu safaya in ya ɗauki na biyu. Baba Ribas ya ce wanda zai sayi inji sukutum me zai yi da ɗan inji a aljihun direba, ya ɗauki mai sauƙin. A kan akwatin wuta kuwa Injiniya ne ya yi nasara. Baba Ribas ya ɗauko wani mara nauyi kamar gwangwanin da aka shanye, mai arha, Injiniya ya ce in ya sayi wannan to ya nemi wani ya haɗa masa, shi ba zai sa hannu a gobara ba. Dole ya ƙara wata guda ya sayi na kirki. Ram kuwa, 'yan sandunan da na'ura ke riƙe aikin da take ciki da su, guda biyu ake so, ya saye su ɗaya a wannan wata ɗaya a wancan.

Duk wannan lokacin yana auna idonsa da ƙofar ɗaki. Yakan tsaya a bakin gado ya kalli mariƙin ƙofa, ya ga ko har yanzu yana hango ƙusar da ake rataye mukulli a gefe. A wata na uku yana hangenta. A wata na shida sai ya ɗan motsa kai. Bai gaya wa kowa ba, sai dai ya ƙara matsa wa kansa a kan tarin kuɗi. Shayin bakin gareji ya bari, motar haya ya bari, ya koma takawa da ƙafa yana bin jikin katanga.

Sai aka zo kan inji. A shago akwai sabon kati matsakaici, fanka biyu, da takardar shekara guda in ya lalace a canza. Injiniya ya riƙe shi a hannu ya ce wannan ne nasa, ya biya su tafi. Amma a bakin ƙofar kasuwa akwai wani mai tebur da ke sayar da kayan hannu, kuma a tsakiyar teburin akwai wani kati fanka uku, tsawonsa ya kai damtse, nauyinsa kamar bulo. Baba Ribas ya ɗaga shi ya jinjina, zuciyarsa ta zauna a kai. Ya ma fi sabon tsada. Injiniya ya ce wannan ai na masu manyan wasanni ne, kuma ba wanda ya san wahalar da ya sha a hannun mai shi na farko. Baba Ribas ya ce inji mai kyau ko ya tsufa ya fi sabon gwangwani.

Kuɗin bai kai ba, mai tebur kuma ya ce akwai wani da ke zagayen katin. Nan ne Baba Ribas ya yi lissafin da bai kamata ya yi ba. Maganin ido yana da tsada, kwalba guda wata guda. Ya ce a ransa in ya koma ɗigawa sau ɗaya a rana, kwalba za ta yi wata biyu, ido kuma ba zai sani ba. Daga baya ya koma yau a ɗiga gobe a huta. Wata uku ya yi a haka, kuɗin magani yana shiga aljihun baya.

Ranar da ya biya, mai tebur ya jona katin a wata na'ura ya nuna masa yana aiki, hoto tar. Ya nuna masa wata 'yar farar takarda da aka manna a kan noti guda, ya ce kwana bakwai, kuma in wannan takardar ta yage ba shi ba shi. Baba Ribas ya rungumo kati ya taho gida kamar wanda aka ba jariri.

Anti Mai Keke ba a banza take riƙe da allin tela ba. Takan ja ɗan layi a gindin kwalbar magani ranar da aka buɗe ta, kuma kwalbar da ta gani a kan taga ranar nan layinta ya tsufa. Ta ajiye masa ita a kan kwalin katin.

"Wannan ta wane wata ce?"

Ya ce ai da saura a ciki, zubar da magani almubazzaranci ne.

"Idonka ka sayar ka sayo wannan," ta ce. "To da me za ka kalle shi?"

Ta koma kan keke ta yi ta taka shi har maƙwabta suka ɗauka ɗinkin biki aka kawo mata. Daga ranar ita ke sayo maganin, ita ke ɗiga masa, tana riƙe haɓarsa kamar mai ba yaro maganin tari.

Ranar Asabar da hantsi ya fito da katin baranda don ya ƙare masa kallo a cikin haske. Ya ga ƙura ta toshe tsakanin ƙarafan, ya hura, ta tashi ta shige masa hanci. Ransa ya ɓaci da mai shi na farko. A shekara ashirin da takwas bai taɓa ɗaura kayan hannu a mota ba tare da ya kwance ya wanke ba, ko famfon mai ne ko kafireta, wannan ko yaron mota ya sani. Ya ɗauko roba, ya aiko aka sayo masa fetur rabin kwalba, ya nemo tsohon buroshin haƙori da sukundireba. 'Yar farar takardar ita ya fara hudawa, don a kan noti take.

Aiki ya yi na tsakani da Allah. Ya raba fankokin da faifan, ya jera notuna a murfin kwano yadda ba za su ɓace ba. A ciki ya tarar da wasu 'yan robobi masu laushi kamar cingam da aka tauna, manne a kan ƙananan abubuwa baƙaƙe, ya ɓanɓare su ya zubar, yana tsaki. A tsakiya akwai wani ɗan murabba'i mai sheƙi kamar madubi, an shafe shi da wani abu mai ruwan toka da ya bushe. Ya ce wannan giris ne ya mutu. Ya kankare shi, ya wanke komai da fetur har faifan yana ƙyalli, ya shanya a rana. Sannan ya buɗe gwangwanin giris ɗinsa na tun zamanin tuƙi, ya lakato da yatsa ya shafa a wurin, bai yi rowa ba.

Sanƙo ya hawo shan iska ya tarar da shi yana mayar da notuna. Ya tsaya yana kallo, ya ce yau kam ya yarda tsohon nan ya san aiki, su masu tabarau sai dai cin kuɗin mutane. Baba Ribas ya ji daɗi. Ya ɗaure notuna huɗun nan na tsakiya yadda ake ɗaure taya, wannan sannan na kishiyarsa, zagaye bayan zagaye, yana ƙara ƙarfi, har ya ji wani ɗan ƙas a ƙarƙashin hannunsa. A wurinsa wannan ƙarar ita ce shaidar noti ya zauna. Ya goge katin da tsumma ya mayar kwali, ya ɗora a saman kabad.

Sai da aka ƙara wata biyu kafin allo da ma'ajiyar wasan su samu. Ranar Lahadi bayan azahar Injiniya ya zo da 'yar jakarsa. Anti Mai Keke ta kwashe yadikanta daga tebur, Sanƙo ya rufe shago, mai kayan masarufi ya bar wa matarsa nasa, har matar gidan sama, mai haya a hawan da ke bisa nasu, ta sauko da kujerarta. Baba Ribas ya sa rigar da yake sawa in zai yi doguwar tafiya. Aka sauko da kwalaye, Injiniya yana buɗewa yana haɗawa, yana yaba tsabtar kayan. Da ya buɗe na katin sai ya tsaya. Ya kai shi hanci. Ya dubi hudajjiyar takardar, ya dubi Baba Ribas ta saman tabarau, ya tambaya ko wani ya taɓa shi.

Baba Ribas ya ce sabis kawai ya yi masa, ya kuma lissafa abin da ya yi dalla-dalla, yana jiran yabo. Sanƙo ya ce shi shaida ne, a gabansa aka yi. Injiniya ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Ya ce to, tunda an zo nan, bari a gwada.

Ya jona komai, ya ce Baba ya danna da hannunsa. Baba Ribas ya gyara zama a gaban sitiyari, ya danna. Fankoki suka tashi, wata 'yar fitila ta kama a cikin akwatin, ɗakin ya ɗauki warin gareji. Kowa ya zuba wa allo ido. Baba Ribas ya matso da fuskarsa, ya ja baya, ya karkata kai hagu, ya karkata dama.

"Ya kawo?" ya ce.

Kowa ya juya ya dubi Injiniya.

"Ku gaya min gaskiya. Ya kawo ne ni ban gani ba?"

"Bai kawo ba, Baba," in ji Injiniya. "Baƙi ne. Mu ma baƙi muke gani."

Ya kashe, ya zare katin, ya kwance notunan da ƙyar. Da ya share giris ɗin da auduga sai ga tsaga ta ratsa ɗan madubin nan daga kusurwa zuwa kusurwa, siririya kamar gashi. Ya kama yatsan Baba Ribas ya ɗora a kai don ya ji da farce, tunda ba zai gani ba. Ya ce abin tokar da ya kankare ba giris ba ne, shi ke janye zafi, robobin ma haka, amma duk wannan da sauƙi, ana sake sawa. Tsagar ce ba ta da magani. Baba Ribas ya tambaya ko za a iya kunna sauran haka nan, ko hoto kaɗan ne a gani. Injiniya ya ce da ɗayan furosesan ya saya, da an gani.

Mutane suka fara tuna ayyukan da suka bari. Matar gidan sama ta ɗauki kujerarta. Sanƙo ya tsaya a bakin ƙofa yana shafa kansa, sannan ya sauka.

Mai tebur ko karɓar katin bai yi ba. Ya ce kwana bakwai ya ce, yau wata biyu, ga takarda a huje, ga kati yana warin tasha. Injiniya ya ce zai sa ido ko ƙaramin kati na hannu zai faɗo da sauƙi. Baba Ribas ya koma tari daga farko, wannan karon babu kuɗin magani a ciki, kuma gareji sun rage masa kwanakin aiki tun ranar da ya sauke ƙarfe a kan rufin motar wani baƙo da bai ga shigowarta ba. Wata biyar ya ɗauka. A tsakani ya je asibiti, likita ya duba ya daɗe yana rubutu, ya tambaye shi ko ya taɓa tsallake magani. Anti Mai Keke ce ta amsa.

Ranar da Injiniya ya kawo ƙaramin katin ba a gayyaci kowa ba. Fanka ɗaya gare shi, bai kai tafin hannu biyu ba. Aka danna, allo ya kawo nan take, ga gareji, ga tirela ja tana jira, inji yana kaɗawa a hankali. Baba Ribas ya ɗora hannu a sitiyari. Titi yana nan a tsakiya, daidai faɗin faranti. Ya nemi madubin hagu, babu. Ya juya kai ya same shi, titi ya tafi. Ya dawo kan titi, madubi ya tafi. Injiniya ya ja allon baya har jikin bango don ya ƙanƙance ya shiga idonsa gaba ɗaya. Ya shiga, amma komai ya dame, ba a bambance mota da gini.

Duk da haka ya sa giya ya fita. A shataletalen farko ya hau kan wata ƙaramar mota da ta fito masa ta dama. Aka sake daga farko, ya hau ta. Karo na uku ya tsaya cak a bakin shataletalen, yana juya kai, motocin baya suna ta hon, ya kasa yarda ya shiga. Ya daɗe a haka. Sannan ya cire giya, ya ja birkin hannu, ya sauke hannayensa kan cinya.

"Injiniya, nemo mai saye."

Ba a je da nisa ba. Sanƙo ne ya hawo da yamma, babu almakashi, babu tsiya, ya ce dama yana neman abin da zai riƙe masu jiran layi. Ya ba da kuɗin da ya fi na kasuwa, Baba Ribas ya san haka, ya karɓa bai ƙirga ba. Shi da kansa ya kwance sitiyarin daga tebur, Anti Mai Keke ta mayar da yadikanta.

Yanzu na'urar tana kusurwar shagon aski, daidai ƙarƙashin tagar ɗakinsu. Daga hantsi har yamma masu jiran aski ke karɓa-karɓa a kanta, malaman makaranta da masu gyaran famfo da 'yan kasuwa, kowa yana take totur a giya ta biyu har inji ya yi kamar zai tsage, suna dariya in sun kifar da lodi. Kwana uku a mako da ba ya zuwa gareji, Baba Ribas yana zaune a gefen gado yana ji. Anti Mai Keke ta ce bari ta sauka ta ce wa Sanƙo ya rage ƙara. Ya ce ta bar mutum da sana'arsa, ai da kuɗinsa ya saya. Ya tashi ya lalubi taga ya rufe, ko da yake ɗakin da zafi.